Faretin Tsakar Gida

Shekarar da aka ƙaddamar da shari'a a sabuwar jiharmu, an kwashe mu 'yan firamaren Sakajiki a bayan a-kori-kura zuwa Kaura Namoda, faretin ranar 'yancin kai. Rana ta gasa mu, babban baƙo ya makara, da ya iso ko kallonmu bai yi ba.

Na dawo gida ina huci. Inna, da ba ta zuwa taro, ta kife turmi ta hau, ta ɗaga muciya ta ce, "Maimaita mani, ni ban gani ba." Na shiga hagu-dama, kaji suna watsewa, tana rangaɗa guɗa.

Kwanan baya ɗana ya nuna mini ƙasar Yukiren, da ke fama da yaƙi, a waya. Ranar 'yancinsu ce, amma babu fareti, sai ƙonannun tankokin yaƙin abokan gaba jere a titi. Mu ma yanzu, saboda 'yan bindiga, wa zai ɗora ɗansa a hanyar Kaura don maci?

Na gode Allah da na riski zamanin da uwa za ta sallami ɗanta da safe, ta koma dakanta, ko waiwaye ba ta yi.