Mai Yasar Rijiyar Tungar Manu

Tungar Manu ba gari ba ne. 'Yan gidaje ne a gefen hanyar Rawayya, da masallaci na ƙasa, da rijiya guda. Wani Bafillace, Manu, shi ya haƙa rijiyar domin shanunsa, manoma suka biyo ruwa suka yi bukkoki, aka wayi gari wuri ya zama tunga. Tun lokacin shanun ruga ke sha da safe, matan gida su ɗiba da yamma, kuma ban taɓa jin an kai ƙara a kan haka ba.

Malam Yakubu shi ne mai yasar rijiyar, gado ya yi wurin ubansa. Gajere ne, busasshe, ga taurin kai kamar jakin da ya ga rafi. Duk bazara, in ruwa ya ja baya, sai ya tuɓe riga, a ɗaura masa igiya a ƙugu, ya sauka da kwando yana kwaso laka. Al'adar wurin ita ce mutumin ruga ne ke riƙe igiyar, ba ɗan tunga ba. Abin da aka tarar ke nan: Bafillace ya haƙa, don haka ran mai yasa a hannun Bafillace yake.

Tambaya, jikan Manu, shi ke riƙe wa Yakubu tun suna samari. Ba wata abota suke ta a zo a gani ba. Yana zuwa zai leƙa ya ce, "Kaɗo, yau fa sakinka zan yi." Yakubu ya amsa daga ƙasa, "Sake ni mana, ka ga wa zai shayar da ƙwaraɓaɓɓun shanunka."

Da zaman daji ya lalace, zargi ya shiga tsakani, ruga ta tashi ba sallama. Bazara ta zo, Yakubu ya ƙi sauka. Ɗansa Sabiru ya ce, "Baba, ga ni ga ƙarfina, mi zai hana in riƙe?" Ya ce ba a taɓa yi ba, ba kuma a kansa za a fara ba. Liman ya yi magana, mai unguwa ya yi, a banza. Wata bazarar ta sake zagayowa, guga ya koma fitowa da taɓo. Mata suka riƙa tafiyar nesa da jarkoki, gidaje suka fara kwasar kaya zuwa Tudun Wada a Gusau. Ni kaina na ji haushin Yakubu, wallahi. Tunga na mutuwa a kan igiya!

Wata rana da hantsi sai ga Tambaya a ƙasa, shi kaɗai da sandarsa, ya rame ƙwarai. A kasuwar Bungudu ya ji labarin rijiyar. Samari suka tsaya suna hararar sa, wani har ya yi tsaki. Bai kalli kowa ba. Yakubu ya fito, suka gaisa a taƙaice, ya tuɓe riga.

Ranar babu tsokana. Kwando na hawa yana sauka har la'asar, Sabiru na juye laka, Tambaya na riƙe da igiya, tafinsa ya salluɓe amma bai sassauta ba. Can sai muka ji Yakubu daga ƙasa yana cewa idon ruwa ya buɗe.

Da aka jawo shi, ya ce, "Gobe ka koro shanun."

Tambaya ya ce, "Waɗanne? Ɓarayi sun kore su tun bara. Kudu zan bi 'ya'yana, jibi."

Ya naɗe igiyar a hankali, ya kira Sabiru, ya ɗora masa a hannu. "Baɗi kai za ka riƙe shi. Ni na ba ka, a gaban mutane. Kowa ya tambaya, ka ce daga ruga ta fito."

Ya ɗauki sandarsa ya kama hanya. Yakubu bai raka shi ba. Ya zauna a bakin rijiyar, laka har wuya, yana kuka, mata na zagaye shi suna zura guga.