Ranar da Na Share wa Rema Dutse

Har yau, idan sanyi ya shigo na ga an cinna wa ciyawa wuta a gefen hanya, sai kunya ta taso mini kamar jiya abin ya faru.

Lokacin muna zaune a bayan Kubwa, can ƙarshen gidaje, inda duwatsu suka fara. Sojoji ba su daɗe da komawa bariki ba, gari ya cika da gine-gine, duk inda ka juya tifa ce ɗauke da yashi ko tsakuwa. Maigidana direban bas ne, yana jigilar ma'aikata zuwa cikin gari. Da ya idar da Asuba yake fita, sai in wuni daga ni sai 'yata, wadda ko rarrafe ba ta fara ba. Ita ce ta fari, kuma ba ni da babba a kusa. Komai tsoro yake ba ni. In ta yi tari sau biyu sai in ce shi ke nan, in ta daɗe tana barci sai in kai yatsa hancinta in ji ko tana numfashi. Mutum ɗaya ce take kwantar mini da hankali, wata dattijuwar Bafulatana da ke kawo nono daga rugar bayan dutse. Inna nake ce mata. Ita ta koya mini shafa wa yarinyar man shanu a ƙirji idan mura ta kama ta.

Ɗakinmu bulo ne da kwano, da sanyi kamar cikin randa yake. Don haka da rana ta ɗan ɗaga sai in goya yarinyar, in ɗauki barkonon da zan shanya, in hau falalen dutsen bayan gidanmu mu sha hantsi. A nan na san rema. Ga wanda bai taɓa ganinta ba, kamar zomo take, sai dai kunnuwanta gajeru ne, ba ta da wutsiya, kuma a tsagin dutse take kwana. Su ma hantsin suke fitowa sha. Akwai wata babba mai yagaggen kunne, ita ke fara leƙowa, ta hau can sama ta zauna tana dube-dube. In ba ta yi kuka ba, sai sauran su fito ɗaya bayan ɗaya, su kwanta wani kan wani kamar yara a tabarma. Wuri ɗaya suke kashi su duka, a bakin tsagin, har ya taru ya yi tudu, fitsarinsu kuma ya yi wa dutsen farin zane. Ba wanda ya koya mini wannan. Zaman kaɗaici ne ya sa nake kallo.

Wata Asabar na hau sai na tarar da wata mata ta riga ni. Za ta kusa sa'ar babbar yayata, da rigar sanyi mai kauri a kan atamfarta, ta kafa kamara a kan wani abu mai ƙafa uku. Na gaishe ta zan wuce, ta tsayar da ni.

"Ƙanwata, don Allah, an ce akwai rema a dutsen nan. Gaskiya ne ko an yi mini wasa da hankali? Asabar biyu ke nan ina zuwa, ƙadangaru kawai nake ɗauka."

Na ce, "Akwai su, Hajiya. Sammako kika yi da yawa, sai rana ta taɓa wancan falalen suke fitowa. Kuma ki yi haƙuri fa, turarenki."

"Turarena kuma?"

"Tun ina ƙasa na jiyo shi. Ni da nake mutum ke nan."

Na ɗauka za ta ji haushi, sai ta yi dariya har tana riƙe ƙafar kamarar. Ta ce a wata ma'aikatar gwamnati take aiki, amma ranar Asabar ɗaukar hoton tsuntsaye da namun daji take yi, musamman da sanyi, lokacin da suke fitowa fili neman rana. Ta nuna mini wani dutse can nesa da masu fasa tsakuwa suka cinye rabinsa, ta ce, "Kin ga, haka za su bi su ɗaya-ɗaya. Ina so jikokina su yarda cewa an taɓa yin irin waɗannan a Abuja."

Na matsar da ita inda iska ba za ta kai musu ƙamshinta ba, na ce ta zauna, kada ta tsaya. Muka yi shiru. Can sai ga mai yagaggen kunne. Hajiya ta kama hannuna ta matse. Ta ɗauki abin da ta ɗauka, amma ta ce sun yi mata nisa, a hoto kamar ƙwayar gero za su fito. Akwai wani abokin aikinta mai dogon gilashin kamara da ke jawo na nesa kusa, za ta aro, sai dai Asabar ɗaya kawai zai iya ba ta, don tafiya zai yi da shi.

Da za ta sauka ta ce, "Daga yau ke ce malamata a dutsen nan."

Ni a aji huɗu na firamare na tsaya. Ko takardar asibitin 'yata sai maigidana ya karanta mini. Ba wanda ya taɓa ce mini malama, ko da wasa. Wuni na yi ina maimaita kalmar, har na faɗa wa yarinyar da ba ta jin magana.

Amma akwai abin da ta ƙara faɗa da ya tsaya mini a rai. Ta ce idan hotunan suka yi kyau, za a rataye su a wani zaure a cikin gari, manyan mutane su zo su kalla.

Mu a garinmu, hoto ba abin wasa ba ne. Da Sallah mai hoto yake zagayowa, kuma kafin ya shigo sai an share tsakar gida an yayyafa ruwa, an rataya zane mai tsabta a bango, an kawar da turmi da kwanukan wanke-wanke, kowa ya yi wanka ya sa kwalli. Ba a ɗaukar hoto a kan juji. Washegari da na hau dutsen, sai na kalle shi da idon baƙo. Ga tudun kashi, ga farin fitsari ya zubo kamar an watsa farar ƙasa, ga busasshiyar ciyawa ta yi duhu a bakin tsagin. Na ce a raina, wannan za a rataye a gaban manya? A ce bayan gidan wace ƙazamar ce wannan? Sannan a cikin ciyawar na taɓa ganin saɓar maciji. In ya sari baƙuwata fa? In ya sari 'yata?

Ranar Alhamis, bayan sun gama shan hantsi sun shige, na hau da tsintsiya da fartanya da bokitin ruwan sabulu. Na kankare tudun nan tas, na kwashe na zubar a kwari. Na wanke farin zanen har hannuna ya tsage da sanyi. Lokacin Inna ta biyo ta wurin da ƙwaryarta a ka, ta tsaya ta dube ni.

"'Yata, aikin gida ya ƙare ne, aka koma wanke dutse?"

Na ce, "Baƙuwa zan yi, Inna."

Ta girgiza kai ta wuce tana murmushi.

Saura ciyawa. Na ƙyasta ashana a gefe ɗaya, da niyyar ɗan abin da ke bakin tsagin kawai. Ban lissafa da iska ba. Kafin in ankara wutar ta haye sama da gudu tana ƙara, hayaƙi na shiga cikin tsagin. Na ji kukansu daga ciki, wani siririn kuka da ban taɓa ji ba. Yarinya ta fara tari a bayana, na ruga ƙasa. Allah ya taimake ni falalen dutse ya tare wutar, ba ta gangaro wajen gidaje ba. Da wutar ta mutu na koma na share tokar, na barbaɗa musu dusa a kan falalen, na ce ko sun tsorata, yunwa za ta fito da su.

Da maigidana ya dawo da Magariba ya ce, "Wa ya ƙona bayan gida?"

Na ce ni ce, saboda baƙuwa.

Ya ce, "Madalla. Ko macizai ma za su ragu."

Ranar Juma'a ban ga ko ɗaya ba. Na ce gobe za su fito.

Asabar Hajiya ta zo da tufafi masu duhu, ba turare, kamar yadda na ce mata. Tun daga ƙasa take kira, "Malama, ga ɗalibarki ta iso!" Ta nuna mini dogon gilashin, ta naɗe shi a tawul kamar jariri. Muka hau. Da muka kai falalen sai ta tsaya cak.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Me ya faru a nan?"

A fuskarta na gane abin da na yi. Duk da haka ta kafa kamarar, muka zauna. Rana ta taɓa falalen, ta wuce shi, ta fara zafi. Tururuwa kawai ke jan dusar.

Sai ga Inna ta ɓullo daga bayan dutse. Hajiya ta miƙe.

"Aikinku ne wannan, ko? Kullum ku ƙona daji don shanunku su sami sabon tsiro, ba ruwanku da abin da ke ciki. Ku kaɗai Allah ya halitta? Wallahi sai na kai maganar nan gaban mai unguwa."

Inna ta sauke ƙwaryarta a hankali. Ta ce, "Hajiya, me saniya za ta ci a kan falali?" Sannan ta dube ni. Ba harara ba ce, kallo ne kawai, na wanda yake jira. Ta ga tsintsiyata ranar Alhamis, ta ga bokitina. Ni kuwa na sunkuyar da kai ina gyara goyon da bai kwance ba. Kalmar nan ta malama nake riƙewa, ba na so ta suɓuce.

Hajiya ta ci gaba da faɗa, har da Turanci. Da aka gama Inna ta ɗora ƙwaryarta, ta ce mini, "'Yata, in bar miki nono a bakin ƙofa?" Na gyaɗa kai. Ta gangara.

Sai da ta yi nisa bakina ya buɗe.

"Hajiya, ni ce."

"Ke ce me?"

"Ni na ƙona. Ni na share, na wanke. Kin ce manya za su gani, na ga wurin da datti."

Ta dube ni, ta dubi ƙasa. Sai lokacin ta lura da sawun tsintsiya a cikin sauran tokar, layi-layi, irin sharar da uwata ta koya mini. Sannan ta ce, "Wannan dattin shi ne gidansu. Shi na zo ɗauka." Muryarta ba ta tashi ba. "Amma wannan kuskure ne, kowa yana yi. Abin da ya dame ni, kina tsaye kika bar ni na ci mutuncin sa'ar mahaifiyata."

Ta bar mini kamarar da gilashin aro a wurin, ta gangara da sauri tana zamewa a kan dutse. Daga sama ina hango su. Ta cim ma Inna a bakin hanya, ta durƙusa har ƙasa da atamfarta. Inna ta kama kafaɗarta tana ɗaga ta. Ni da ya kamata in durƙusa ina can sama ina gadin kaya.

Da ta dawo ta fara haɗa kayanta, sai ta dakata, ta juya kamarar ta ɗauki falalen sau ɗaya, haka nan ba komai a kai. Ta ce, "Sai anjima, Maman Bebi. A shafa mini kanta." Ba ta ce malama ba.

Da yamma na goya yarinyar na tafi rugar. Na durƙusa wa Inna a gaban 'ya'yanta, na faɗi abin da na yi. Ta ce, "Tashi, tashi, kada ki danne mini jika. Na san za ki faɗa. Jinkirin ne dai ya yi yawa."

Bayan kamar wata guda, zafi ya fara, Hajiya ta tsaya da mota a ƙofar gidanmu ta miƙo mini ambulan da hoton nan a ciki. Mun gaisa lafiya lau, ta tambayi tarin yarinya, amma ba ta hau dutsen ba. Remar sun dawo da ruwan farko, ba su kai yawan da ba, kuma ban ƙara ganin mai yagaggen kunne ba. Da sanyi ya zagayo, duk Asabar sai in ƙi shanya komai a falalen, in zauna nesa ina sauraren ƙarar mota. Hajiya ba ta zo ba. Ban sani ba ko canjin wurin aiki aka yi mata, ko ni ce dalili.

Inna ba ta fasa kawo nono ba har muka tashi daga unguwar. Sai dai ta sauya mini suna. Daga bakin ƙofa take kira, "Mai sharar dutse, a zuba na yau?"

Hoton yana ƙasan akwatina. Kwanan baya 'yata, wadda yanzu take aji biyu, ta tono shi tana neman ɗankwali. Ta jujjuya shi ta ce, "Umma, wannan wane irin hoto ne, ba kowa a ciki?"

Na ce, "Duba da kyau, ga sawun tsintsiya nan."

"Wa ya yi shara a kan dutse?"

Na karɓa na mayar ƙasan kaya, na ce ta je ta wanke hannu, abinci ya huce.