Addu'ar da Ta Tona Mini Asiri

Ko da zan manta komai a duniyar nan, ban da ranar da aka tona asirin gidana a cikin addu'a, idona a rufe, kuma ni da bakina na ce amin.

Lokacin ina amarya, aiki ya kawo maigidana Gusau, na shiga zumuntar mata ta cocinmu. A cikinmu akwai wata tsohuwa mutuniyar wani ƙauye ta wajen Bungudu, kowa Inna yake ce mata. Ita ke buga mana tulu in muna waƙa, kuma in ciwo ya kwantar da mutum ita ce ta farko da za ta iso da kunu. Aibinta ɗaya ne, magana ba ta kwana a cikinta. Ita kuma ba ta gulma irin ta sauran mutane. Allah take kai wa labari, da babbar murya, a gaban jama'a. An sha ja mata kunne, ta sha tuba da hawaye, bayan kwana biyu ta koma.

To, mun ɗan saɓa da maigida, ya ƙaurace wa abincina, ya koma cin burodi wurin mai shayi. Abin ya dame ni, ga shi ba ni da kowa a garin. Inna ta ga na rame, ta ja ni gefe, ta tabbatar mini wannan karon ta tuba da gaske. Ni kuwa da ƙuruciya na zazzage mata komai.

Ranar taron zumunta aka ce ta rufe mana da addu'a. Ta gyara murya ta ce, "Ya Uba, ka dubi ɗiyarmu amarya, wadda mijinta yab bar cin tuwonta, shina tahiya wurin mai shayi na bakin tasha. Kai ka san ba ita ɗai ad da laihi ba, ko da dai miyar ta yi gishiri." Na ji benci yana rawa, matan da ke kusa da ni suna ta fama da dariya. Aka ce amin, ni ma saboda sabo na ce amin.

Kafin Lahadi labari ya gama gari. Maza suka tare maigida a ƙofar coci suna tambayarsa ko madara ta ji a shayin. Ya dawo gida ransa a ɓace, ya ce na sayar da shi a kasuwa. Ni kuwa na yi kuka har na gode Allah.

Shugabannin zumunta suka ce abin ya isa haka. Za a cire Inna, ba kuma za ta bi mu babban taron mata da za a yi a Tsafe ba. Amma matar fasto ta ce tunda ni aka yi wa, hukuncin yana hannuna: in na yafe ta zauna, in ban yafe ba ta tafi. Kowa ya san zumuntar nan ita ce gatan Inna, don mijinta ya rasu, 'ya'yanta kuma suna nesa. Ni ma na sani, amma a lokacin ko a jikina.

Da la'asar sai ga ta a gidana. Tsohuwa sa'ar kakata ta durƙusa a gabana tana hawaye. "Ɗiyata, na yi miki laihi, ki gahwarta min." Na kau da kai na ce, "Inna, ai kullum haka kike cewa." Ta ce gaskiya ne. Na ja ta na zaunar a kan tabarma, don ba zan iya kallon ta a durƙushe ba. Ta share ido da bakin zane, sai ta matso ta rage murya. "Ke, kin ko ji abin da yaf faru gidan mai koya muna waƙa?"

Maganar na fita ta toshe bakinta da hannu biyu, idonta a waje. Ban san lokacin da dariya ta ƙwace mini ba. Ita kuwa ba ta yi dariya ba, wani sabon kukan ta fashe da shi. Ta ce, "Kin gani ko? Ko ƙwallan ba su bushe ba. Kullum da wagga magana guda nika zuwa gaban Allah, har kunya nikai. Amma in ban tahi wurinai ba, ina za ni? Almasihu ya san halina tun kahin shi mutu domina."

Tun ina yarinya nake jin wa'azin alheri, amma na ɗauka na waɗanda suka tuba sau ɗaya suka shiryu ne. Ban taɓa tunanin ya kai ga mai faɗuwa a rami guda kullum, tana fitowa tana ƙin ramin, tana sake faɗawa ba. Na ce, "Inna, na yafe. Amma labarin gidan mai koyar da waƙa ki bar shi a cikinki." Ta ce zai yi mata nauyi, amma za ta gwada.

Mun je Tsafe tare. Ba zan ce ta warke ba, ni ma ban ƙara gaya mata sirrina ba, don yafiya ba wauta ba ce. Sai dai daga baya in tana addu'a ta zo daidai inda labari zai yi daɗi, sai mu ji ta tsaya, ta haɗiye yawu da ƙyar, ta ce, "Uba, kai ka san sauran." Wani lokacin ta ci nasara, wani lokacin sauran ya fito.

Abin da na koya shi ne, alherin Allah ba izinin ci gaba da zunubi ba ne, amma kuma ba ya ƙarewa don mutum ya dawo da laifin jiya. In shi bai gaji da ganin fuskar mai tuba ba, ni wace ce da zan rufe ƙofa?