Akwatin Mahmuda da Albasar Inno

Yayana Mahmuda mutumin kirki ne, sai dai in ka tambaye ni sana'arsa sai na yi kame-kame. A Birchi aka haife mu, ni na tsaya a lambu, shi ya tafi karatu ya dawo da wani abu wai shi asembili. Ya ce yare ne da ake yi wa 'yar ƙwaƙwalwar na'ura magana dalla-dalla: ɗauki wannan, ajiye can, ƙara ɗaya, koma baya. Na ce ai haka ake aiken dolo. Ya ce daidai, amma dolon nan ba ya mantuwa.

Shago ya buɗe a Dutsin-Ma yana gyaran kayan sola. Duk ɗalibin da ya leƙo sai ya sha wa'azin asembili, su kuma su ce zamani ya wuce nan, su sulale. Ni ban san wa zan gaskata ba.

Abin da na sani, ya haɗa mana wani akwati a bakin madatsar ruwan Zobe wanda ke tada injin ban ruwa ya raba wa kowane lambu lokacinsa. Shekara da shekaru bai taɓa yin gardama ba, rigimar layin ruwa ta mutu. Bayanin asembilin da ya rubuta a cikinsa kuwa bai ajiye ko kalma ba. Shi mahaddaci ne tun yana yaro, yana ganin rubuta bayani aikin rago ne. "Yana nan a kai," in ji shi. Hadda kuma sai da bita, shi kuwa bai taɓa waiwayar ta ba.

Bana Malam Rabe ya rasu, aka raba lambunsa gado. Akwati bai san an yi mutuwa ba. Ya ci gaba da zuba ruwan marigayi a wuri ɗaya, wanda ya faɗa rabon babban ɗansa. Fangalan shuka da suka zo wa matar marigayin, Inno, suna can ƙarshe, albasarta ta fara kwanciya.

Mahmuda ya zo da kwamfutarsa ya zauna gindin mangwaro. Na ga yana bin layuka da yatsa, ya koma sama, ya sake saukowa. Ya gyara wani wuri, ruwa ya tafi nawa lambun. Ya sake taɓawa, inji ya mutu ɗungurungum. Raina ya ɓaci ƙwarai.

"Yaya, ba kai ka rubuta ba?"

"Ni ne."

"To mi ya hana?"

"Bilya, na san hannuna ne, amma wallahi ban san mi nike nufi ba."

Tausayinsa ya kama ni. Inno ta aiko a ce masa ba ta yi fushi ba, wannan kuwa ya fi zagi ciwo.

Da ƙyar ya kira ɗiyarsa Mardiya, wadda ke karatun kwamfuta a jami'a. Ta duba, ta ce ita ma ba ta iya warware wannan, amma in ya yarda a sa sabuwar ƙwaƙwalwa za ta rubuta da yaren yanzu, sai dai zai ɗauki kwanaki. Sannan ta ce abin da ya ƙara rikita ni: nata ba zai taɓa zama ƙarami da sauri kamar nasa ba, kuma tana son ya koya mata asembilin.

"In koya maki mi? Abin da ya gagare ni?"

"To kada in koya ke nan, Baba?"

Ya dube ni, ni da ko saƙon waya sai an karanta mini. Can ya miƙa mata kwamfutar, ya naɗe ƙafar wando, ya ɗauki bokitina biyu ya gangara bakin ruwa. Har Mardiya ta gama aikinta, shi ya riƙa shayar da albasar Inno da hannu.