Kumburin Ƙasan Muƙamuƙin Baba

Shekarar da sojoji suka miƙa mulki ga farar hula ina ajin ƙarshe a makarantar koyon aikin jinya. Na zo hutu gidanmu da ke Ƙofar Kaura, na tarar Baba na cin tuwo yana dafe da ƙasan muƙamuƙinsa na hagu. Tela ne a Babbar Kasuwa, mutum ne da ba ya faɗin ciwo.

Inna ta ce kaluluwa ce. Na wanke hannu, na ce ya ɗaga harshe.

"Mi kika gani, ɗiyata?"

Na zuba masa karatu. Na ce a nan akwai wata 'yar tsoka mai girman goro, ita ke haɗa mafi yawan yawun bakin mutum, ta turo shi ta wata siririyar hanya da ke buɗewa a ƙarƙashin harshe. Wani lokaci tsakuwa kan toshe hanyar, sai wurin ya kumbura in an zo cin abinci. Na ce ya riƙa shan ruwa da tsotson lemun tsami, za ta fita.

Ban tambaye shi ko kumburin na saɓewa bayan cin abincin ba. Ba ya saɓewa. Kuma na ji taurinsa a yatsana, kamar ɗanyar goruba.

Baba ya yarda da ni. Har a kasuwa yana gaya wa abokan ɗinkinsa cewa ɗiyarsa ta duba shi.

Da na dawo bayan damina, gefen leɓensa na ƙasa ya karkace, harshensa ya yi nauyi. Likitan da muka gani ya daɗe yana lalubar wuyansa, sannan ya jawo ni waje. Ya ce ƙari ne mai mugun iri, ya riga ya kama jijiyoyin da ke wucewa ta gefen tsokar, masu motsa leɓe da harshe.

"Tun yaushe?" in ji shi.

Na faɗa masa.

An yi aiki, Baba ya ƙara wata bakwai a duniya. Bai taɓa tada maganar ba. Ranar Larabar da zai rasu, da hantsi, ina jiƙa masa baki da auduga, ya kama hannuna ya yi wata magana mai tsawo. Harshen ya riga ya ƙi. Na sa kunne, na ce ya sake, ya sake har sau biyu. Na ɗaga masa kai kamar na gane.

Inna ta tambaye ni abin da ya ce. Na ce addu'a ce ya yi mana.