Malam Dabo Mai Shayar da Turanci

Abu biyu Malam Dabo ya tsana a duniya: gyaran littattafan ɗalibai, da duk abin da zai nisanta shi da gonarsa. Shekara goma sha tara yana koyar da Adabin Turanci a sakandaren wani ƙauye kusa da Tsanyawa, kuma da damina ana kaɗa ƙararrawar tashi sai dai ka hango ƙeyarsa cikin gero.

Mutane na cewa kishin yara ne ya sa ya ƙirƙiro dabararsa. Ƙarya ne. Wata rana Inna Furera mai ƙuli ta tare shi, ta ce 'yarta Ramlat kullum kuka take, kalmomin littafin nan sun ƙi zama a kanta.

"Malam, ku Turancin nan ba ku da rubutun sha ne?"

Ya buɗe baki zai yi dariya, sai ya tuna littattafai tamanin da ke jiransa a kan tebur. Abin da aka wanke aka shanye, wa zai ce a gyara?

"Akwai mana, Inna. Amma da sharaɗi."

Sharaɗin shi ne a sassaƙo sabon allo, kada a kuskura a taɓa na karatun Alƙur'ani. Ɗalibi ya rubuta kalma goma da hannunsa, kowace sau arba'in, yana faɗin ma'anarta da ƙarfi, ya sa ta a jimla, sannan ya wanke ya sha. Wanda ya yi ha'inci, in ji Malam, cikinsa zai tona shi. Kafin ƙarshen zango jan bironsa ya bushe don rashin aiki.

Ana cikin noman biyu sai ga sufeto daga birni, Alhaji Kamaruddeen, wanda ya yi suna wajen cilla malalatan malamai makarantun da mota ba ta zuwa.

"Ina aikin ɗalibai?"

Malam Dabo ya hango geronsa ta tagar aji kamar mai ban kwana.

"Ranka ya daɗe, mun shanye," in ji Ramlat.

"Kun me?"

"Har da na jiya."

Sufeto ya fizgi littafin wasan kwaikwayon da suke karantawa, ya riƙa zaƙulo kalmomi masu wuya don ya kunyata su. Ya tambayi wadda ke nufin baƙin ciki marar dalili, aka ba shi. Ya tambayi ta mai cin amanar ubangidansa, aka ba shi har da jimla, aka saka sunan direban shugaban makaranta a ciki. Sau talatin yana jefawa ana cafewa.

A waje ya ja Malam gindin darbejiya, ya ce wannan shirme ne da rashin tsari, amma zai rubuta cewa ya ga littattafai. Sai ya yi ƙasa da murya.

"Ina da yaro mai suna Fatihu. Sau uku yana faɗuwa Turanci. Ko za ka rubuto mana jarka guda?"

"Sai da hannunsa, Alhaji. Nawa ba ya ci."

Motar sufeto ba ta kai kwalta ba Malam Dabo ya saɓa fartanya.