Ranar da Na Sa Sunana a Gaba

Komai zan manta a aikin jami'a, ban da ranar da na durƙusa gaban malamina ina roƙon abin da yake nawa ne tun asali.

Lokacin ina ƙaramar malama a sashen noma, nan Sakkwato. Sau biyu na nemi ƙarin girma, sau biyu ana maido min da takarduna. Ɗaliban da na koyar har sun fara wuce ni. Wallahi takardar barin aiki ma na rubuta, tana cikin jakata.

Wata dattijuwar sakatariya, 'yar kudancin Kaduna, ita ta ja ni gefe. Ta buɗe fayil ɗina ta ce, "Malama, dubi nan. Duk binciken da kika wallafa, sunan malaminki Farfesa ne a gaba, naki can a wutsiya. Kwamitin ƙarin girma kuwa na gaba yake ba babban maki. Tsakani da Allah, wa ya shiga gona?"

Ni mana! Ni na yi damina biyu cikin laka a fadamar Dundaye, ina auna shinkafa tare da manoma. Amma a gidanmu ko ƙofa ba a riga babba shiga, balle takarda. Kunya ta hana ni tambaya, shi kuma bai taɓa tankawa ba.

Ina da sabon bincike a hannu. Kwana uku ina juya maganar, sannan na shiga ofishinsa na durƙusa. "Baba Farfesa, alfarma nake nema. Wannan karon in sa sunana a farko."

Ya cire tabarau, ya dube ni, sai ya fashe da dariya. "Ɗiyata, mi ya hana ki hwaɗi tun tuni? Aikin ga naki na. Ni ca nike ke kika so haka!" Ya ja biro ya soke sunansa gaba ɗaya.

Bincike uku na fitar a jere da sunana. Ranar da takardar ƙarin girma ta zo, sakatariyar nan ta rangaɗa guɗa a tsakiyar ofis, ni kuma na yayyaga waccan ta jaka ina kukan murna.

Na koyi cewa girmama babba daban, ɓoye guminka daban. Yanzu duk ɗalibar da ta kawo min takarda da sunana a gaba, tambaya ɗaya nake mata: wa ya shiga gona?